Agogonmu yana nan, nasu ne ke yawo: yadda nake gane lokacin wasa da na kiran 'yan uwa

Ina da gidan kallon ƙwallo a Bolari, nan cikin garin Gombe. Rumfar kwano ce, benci goma sha huɗu, talabijin uku, da janareto guda wanda ya fi matata sanin abin da ke aljihuna. A bakin ƙofa akwai baƙin allo da nake rubuta wasannin rana da alli. Wannan allon ne ya taɓa ja mini abin kunyar da har yau in an tashi tsokanata a majalisa da shi ake buɗe taro.

Shekarar da na fara sana'ar ne, wata Talata a farkon Afrilu, wasan kwata-fainal na Gasar Zakarun Turai. Tun watan Nuwamba ƙarfe tara na dare ake take wasa, hannu ya saba, sai na rubuta 9:00 ban duba komai ba. Muka idar da Isha'i, na zauna wurin mai shayi ana soya mini ƙwai, sai ga yaron da ke karɓar mini kuɗin ƙofa a guje, takalmi ɗaya a hannu.

"Oga, an fa ci ɗaya! Gidan kallon layin baya har sun yi ihu."

Na duba waya, takwas da minti ashirin. Kafin a ja igiyar janareto ya kama, dikoda ta gama tashi, an kusa tafiya hutun rabin lokaci. Waɗanda suka yarda da allona suka zo tara daidai, suka tarar ana shirin dawowa zagaye na biyu. Rabin kuɗi na karɓa a daren, wasu ma ko sisi ba su bayar ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani dattijo mai goyon bayan Real Madrid ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ɗana, in ba ka iya agogo ba ka koma sayar da rake." Tun daga ranar na zauna na koyi abin, kuma ba wuya ce da shi ba in ka kama bakin zaren.

Bakin zaren shi ne: agogon Najeriya ba ya motsi. Awa ɗaya muke gaba da agogon GMT daga Janairu har Disamba, mu da Nijar da Chadi da Kamaru. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai uku, Sin bakwai, kuma haka suke kullum. Masu yawo da agogo su ne Turai da Amurka da Kanada da wasu 'yan tsiraru. In zafinsu ya zo sai su tura agogo gaba da awa ɗaya, in sanyi ya kawo kai su dawo da shi. Don haka kada ka haddace cewa "tsakaninmu da Landan awa ɗaya ne", domin rabin shekara gaskiya ce, rabin shekara ƙarya. Abin haddacewa ranakun canjin ne.

Lahadi huɗu

Kusan duk Turai, har da Ingila duk da ta fita daga Tarayyar Turai, tana tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ta dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Lokaci guda suke yi, ƙarfe ɗaya na dare agogon GMT, wato ƙarfe biyu namu, muna barci. Amurka da mafi yawan Kanada kuwa tasu daban: Lahadi ta biyu a Maris su tura, Lahadin farko ta Nuwamba su dawo. A 2026, misali, Amurka 8 ga Maris da 1 ga Nuwamba, Turai 29 ga Maris da 25 ga Oktoba. Ka ga akwai mako biyu ko uku a Maris da Amurka ta riga ta canza Turai ba ta canza ba, da mako guda a ƙarshen Oktoba da Turai ta dawo Amurka ba ta dawo ba. A waɗannan makonnin su kansu Turawan rikicewa suke yi da junansu, balle mu.

Da zarar sabuwar kalanda ta shigo hannuna, irin wadda masu shagon kayan gini ke rabawa, sai in sa jan biro in zagaye Lahadin nan huɗu. Aikin minti biyu ne.

Ga ƙa'idar da na koya wa yaron nan, kuma ya riƙe ta. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, agogonmu ɗaya da na Ingila da Fotugal. Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa suna gabanmu da awa ɗaya. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sai abin ya juye: agogonmu ɗaya da na Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa, Ingila da Fotugal suna bayanmu da awa ɗaya. Kullum dai ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu na tare da mu, kamar kishiyoyi masu rabon kwana.

In ka sauke wannan a kan allo, wasan Firimiya na ƙarfe uku na ranar Asabar ƙarfe uku ne a nan daga Agusta zuwa ƙarshen Oktoba, sannan ya koma ƙarfe huɗu har ƙarshen Maris, sannan ya dawo uku zuwa ƙarshen kaka. Na sha biyu da rabi ya zama ɗaya da rabi, na biyar da rabi ya zama shida da rabi. Gasar Zakarun Turai da agogon tsakiyar Turai ake tsara ta, babban wasa ƙarfe tara nasu, don haka a Satumba da yawancin Oktoba takwas ne a nan, a lokacin sanyinsu tara, daga Afrilu kuma takwas.

Canjin Oktoba mai sauƙi ne. In ka yi kuskure, mutane sun zo da wuri, ka ƙona man awa ɗaya suna kallon Turawa huɗu a kan kujera suna surutu. Asara ce amma ba a zaginka sosai. Ka dai lura cewa daren Asabar wayewar Lahadi ake canjin, saboda haka wasan Asabar na tsohon lokaci ne, na Lahadi na sabo, a allo guda. Wasan Real Madrid da Barcelona na 26 ga Oktoban 2025 ranar canjin ya faɗo, huɗu da kwata nasu, huɗu da kwata namu, alhali da a jiyanta aka buga da uku da kwata za mu kalla. Na Maris shi ne mugun. Wasa yana matsowa da wuri, kuma sau da yawa ƙarshen Maris yana faɗawa cikin hutun wasannin ƙasa da ƙasa, sai canjin ya wuce shiru ba wanda ya ji motsinsa. Ana dawowa daga hutu ya kama ka, kamar yadda ya kama ni.

Turkiyya, tunda yanzu Osimhen ya sa muna kallon Galatasaray, ba ta da matsala: tun 2016 suka daina canji, awa biyu suke gabanmu kullum, daidai da Saudiyya inda Ronaldo yake. Masu kwana don Messi kuwa su sani gabashin Amurka, su Mayami da Niyok da Washintan, awa biyar suke bayanmu a lokacin zafinsu, shida a lokacin sanyi. Shikago da yawancin Teksas a ƙara ɗaya, Kalifoniya a ƙara uku. Hawai da mafi yawan jihar Arizona ba sa taɓa agogonsu.

Haruffan da ke bayan lamba

In ka ga lokaci a rubuce a Facebook ko a ƙasan talabijin, dubi haruffan da ke biye da shi kafin ka ɗauki alli. In WAT ne, namu ne, kwafa kawai. BST (agogon Ingila na lokacin zafi) da CET (na tsakiyar Turai a lokacin sanyi) duk daidai suke da namu. GMT, ƙara awa ɗaya. CEST (na tsakiyar Turai a lokacin zafi) da CAT (na tsakiyar Afirka), rage awa ɗaya; wannan CAT ɗin shi ke yawan fitowa a tashoshin da ake watsowa daga kudancin Afirka, kuma ya sha ruɗa masu gidan kallo, su rubuta tara alhali takwas ne. Sai dai wani tarko: akwai masu rubuta GMT suna nufin "agogon Ingila" ko da a watan Mayu ne, lokacin da Ingila ba a kan GMT take ba. In na ga GMT tsakanin Afrilu da Oktoba ba na yarda sai na duba wuri na biyu.

Gyara wayarka tukuna

Yawancin wayoyi su ke canza lissafin da kansu, muddin an saita su daidai. Shiga saitin kwanan wata da lokaci, ka kunna inda wayar za ta ɗauko lokaci da yankinta daga layin sadarwa. In da hannu za ka zaɓa, zaɓi Legas. Sannan ka shiga manhajar agogo ka ƙara garuruwan da kake hulɗa da su. A tawa akwai Landan da Madrid da Niyok da Alƙahira da Makka. Gari za ka zaɓa, domin wayar ta san ranar da kowane gari ke canzawa, kai kuwa za ka manta.

Mai wayar hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Ingila, ya duba wannan sau biyu. Yaron nan nawa ya sayi irinta a watan Yuni, an bar yankinta a kan Landan, kuma da yake a lokacin agogonmu ɗaya da nasu bai ga komai ba. Wata huɗu tana tafiya daidai. Ranar Lahadin ƙarshen Oktoba ta ja kanta baya da awa ɗaya cikin dare, ƙararrawar Asuba ta buga rana ta fito. Ya zo yana rantsuwa wai an yi wa wayar asiri.

Magaribar wa?

Ba ƙwallo kaɗai abin ke shafa ba. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, kuma duk Lahadi take kiran Inna ta bidiyo. Inna ba ta lissafi da lamba, da salla take yi. Farkon zuwanta can, Inna ta ce mata, "Ki riƙa kira na bayan Magariba, lokacin na gama lazimi." Ita kuma ta bi Magaribarta. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai bayan tara na dare, sai ga waya tana ƙara wajen goma saura, Inna ta yi nisa a barci. A Disamba kuma rana na faɗuwa kafin huɗu na yammarsu, sai kiran ya shigo wajen biyar namu, Inna na tsakar gida tana fama da tuwo.

Ta kira ni tana ƙorafi: "Hamma, wai Inna fushi take da ni ne? Ba ta ɗauka."

Na ce mata daga yau a daina cewa Magariba, a ce bakwai na yamma agogon Gombe, ita ta san yadda za ta yi da nata. Wannan ita ce dokar da nake ba kowa: duk alƙawarin da za ka yi da na waje, ka faɗi lamba, ka faɗi garin da agogonsa kuke bi, kuma ku tsaya a kan gari ɗaya. In naku ne na gida, a bi na gida tunda shi ba ya motsi. In kuwa su ne masu iko da abin, kamar darasi ta intanet ko ganawar neman aiki ko ta neman gurbin karatu, to nasu za ka bi, kuma ka san lokacinka zai gusa sau biyu a shekara. Wani ɗalibi da ke zuwa caji a wurina yana da darasin ƙarfe biyu na rana agogon Landan. A Fabrairu uku yake shiga, a Afrilu biyu. Na ce ya sa shi a kalandar waya da yankin Landan, ita za ta riƙa juya masa.

Ƙaramar Sallar 2025 ma ranar Lahadi 30 ga Maris ta kama, daidai ranar da Ingila ta tura agogo gaba. Ƙanwar tawa ta ce da ƙyar suka samu Idi, don agogon bangon ɗakinta bai san an yi canji ba.

Masu 'ya'ya a Azhar ko masu zuwa asibiti Masar su kula, tata dokar daban ce da ta Turai. Ta dawo da canjin agogo a 2023, daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa Alhamis ɗin ƙarshe ta Oktoba. Awa ɗaya take gabanmu a sauran shekara, biyu a wannan tsakanin. Maroko kuma a 2018 ta tsaya a kan agogo irin namu, amma in azumi ya zo sai ta ja baya da awa ɗaya har bayan an sha ruwan ƙarshe.

Me ya kai su, kuma yaushe za su bari?

Mu nan Gombe bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, shi ya sa abin ke mana kama da wasan yara. A Landan kuwa hasken rana bai cika awa takwas ba a Disamba, a Yuni ya haura sha shida. Wani magini Bature, William Willett, shi ya dage tun 1907 cewa ana barci ana asarar hasken safiya, a tura agogo gaba a more shi da yamma. Ya mutu a 1915 ba a saurare shi ba. Jamus ce ta fara a 1916 cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya don tsimin gawayin kwal, Ingila ta bi bayanta cikin 'yan makonni. Asalin maganar dai tsimin makamashi ne, kuma ni da nake auna fetur da galan ba zan raina wannan dalili ba.

Amma yanzu su da kansu sun gaji. A 2018 Tarayyar Turai ta nemi ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin ɗari suka ce a daina, ko da yake mafi yawan masu amsar Jamusawa ne. Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'a a Maris ɗin 2019 cewa a daina daga 2021. Sai magana ta koma hannun gwamnatocin ƙasashen, ta kwanta a can. A Amurka ma Majalisar Dattawa ta amince a Maris ɗin 2022 a tsaya a kan agogon zafi dindindin, Majalisar Wakilai ba ta ɗauki ƙudurin ba.

Abin da ya hana su gamawa shi ne kowa ya yarda a tsaya, amma a tsaya a ina? In aka zauna a agogon zafi, 'yan kasuwa da masu wasanni sun samu yamma mai haske, amma a tsakiyar sanyi yara za su tafi makaranta cikin duhu. Amurka ta gwada haka a Janairun 1974, shekarar ba ta ƙare ba ta janye. Ingila ta gwada daga 1968 zuwa 1971 ta watsar. Rasha ta zauna a agogon zafi a 2011, duhun safiya ya ishe su, a 2014 suka koma na sanyi suka tsaya a nan. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka kuma ta fito ta ce agogon sanyi ne ya dace da jikin ɗan Adam, domin shi ya fi kusa da tafiyar rana. Wasu dai sun yanke hukunci sun huta: Barazil ta daina a 2019, mafi yawan Meziko a 2022.

In aljihuna za a tambaya, Ingila ta zauna a agogon zafi, mu zama ɗaya har abada, in jefar da jan biro. Ga wani dalili ma: a Nuwamba wasan ƙarfe uku nasu yana farawa daidai ana tada La'asar a nan, ya ƙare ana kiran Magariba, sai ka ga mutum ƙafa ɗaya a masallaci ɗaya a benci. Amma in gaskiya za a bi, likitocin nan nake ganin sun fi hujja. Mu da muka tashi muna auna wuni da inuwa da kiran salla mun san jiki rana yake bi, ba abin da aka rataye a bango ba. Ƙanwata ta ce makon farko bayan canjin Maris kamar an doke ta take tashi, ga aikin asibiti ba ya jira. Awa ɗaya ce, amma an zare ta ne daga barcin mutum ba shawara.

Ko da za su daina, fatana su sanar da wuri. A Maris ɗin 2023 gwamnatin Labanan ta ɗage canjin agogo ana saura 'yan kwanaki, ana cikin azumi, wasu hukumomi da coci-coci da gidajen talabijin suka ƙi bi, ƙasa guda ta yi kwanaki da agogo biyu kafin a janye. In irin haka ta faru, ita kanta wayar ba za ta cece ka ba sai an sabunta mata bayanai. Saboda haka duk labarin da ka ji cewa "an soke canjin agogo", kada ka goge zagayen kalandarka sai ka ga an ambaci ƙasa da ranar da dokar za ta fara aiki. Tun 2019 ake cewa bana ce ta ƙarshe.

Ranar Asabar ɗin da ke gaban kowace Lahadi mai jan zagaye, ba na barin yaro ya taɓa allo. Ni nake gogewa da tsumma, in duba lokacin kowane wasa a manhaja, in sake dubawa a jadawalin dikoda, in sun saɓa in lissafa da hannu daga agogon garin da za a buga. Sannan in rubuta da manyan baƙaƙe a sama: AN CANZA LOKACI, AGOGON GOMBE NE WANNAN. Makon farko na Afrilu kuma nakan sayi man dare tun kafin Magariba, in gaya wa mai shayi ya ajiye ƙwan nan sai an tashi daga wasa.